Sautin da Maikunne Ya Daina Ji

Ranar Talata da hantsi Malama mai studiyo ta dawo da akwatunan. Direban motar hayar da ta ɗauko ne ya taya ta sauke su a ƙofar shago, guda biyu, tsayinsu har ƙugu, fentinsu bai ma daina ƙyalli ba. Maikunne yana bakin teburin aiki yana liƙe takardar wata sifika da ta yage. Da ya hango su sai ya ajiye aikin ya miƙe. Shekara talatin da biyu yana haɗa akwatin sifika a layin nan, kuma aikin da aka taɓa dawo masa da shi bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Sunan ma daga nan ya samo shi. Tun yana saurayi ake cewa idan ya saurari akwati sau ɗaya zai gaya maka wace kusa ce ba ta zauna ba.

"Baba, ina kwana," in ji ta. "Ka yi haƙuri, na dawo maka da kayanka."

"Lafiya lau, Malama. Me suka yi?"

"Kunne suke huda mini. Duk inda mai karatu ya ce sa ko shi, ji nake kamar an soka mini allura. Kwana uku ina rage sautin sama a shirin da nake haɗawa, ina ɗora wa makirfon laifi. Da aka sa shirin a rediyo sai ga muryar bawan Allah kamar daga cikin bargo yake magana. Kunya kamar in nutse."

Akwatunan masu baki uku ne. Babbar sifika tana ƙasa don ganga da duk wani sauti mai kauri, matsakaiciya tana tsakiya don murya, can sama kuma ga tuwita, 'yar ƙarama mai fitar da siririn sauti. A cikin kowane akwati akwai wani ɗan allo da ake kira kurosoba, shi ke raba wa kowace sifika rabonta. Daidaita allon nan aikin kunne ne, kuma Maikunne shi kaɗai ya yi shi, cikin makonni ukun da ƙanensa Auta, wanda suke shagon tare, ya yi kwance da ciwon baya.

Auta ya jona wayoyi, Malama ta miƙa masa wayarta, aka kunna. Muryar namiji ta cika shagon tana karanta labari. Maikunne ya tsaya a tsakiyar akwatunan, ya karkata kai yadda ya saba. Murya ce mai kyau, zagayayya, babu abin da ya ji yana suka. Ya buɗe baki zai faɗi haka sai ya ga Malama ta kai yatsa kunnenta na dama. Ya waiga. Auta ya runtse ido ɗaya, yana kallon ƙasa.

"Ka ji ko, Baba?" in ji Malama.

"Na ji," in ji Maikunne. Sai ya ɗaga murya. "Ai na gaya miki tun farko. Abin da nake faɗa ke nan kullum. A ɗauki muryar mutum guda a yanka ta gida uku, a ba wa baki uku, a ce su haɗa ta daidai? Ke da kike gabana da baki nawa kike magana?"

"Da ɗaya, Baba, amma idan aka taɓa ni yana isa."

Auta ya yi 'yar dariya. Maikunne bai yi ba. Ya sauko da wani ƙaramin akwati daga kan kanta, mai sifika ɗaya tal, faɗinta kamar tafin hannu a buɗe, babu allo babu komai a ciki sai waya biyu. Shekara biyu ke nan irin wannan kaɗai yake son haɗawa. Duk wanda ya shigo neman mai baki uku sai ya sha wa'azi, har masu shagunan layin suna tsokanarsa da cewa ya koma mai bishara. Ya jona ya kunna. Muryar ta fito kamar mutumin yana zaune a kan benci tare da su.

Malama ta saurara har ƙarshen jimla. "Wannan kam mutum ne," in ji ta. "Amma ni ba murya kaɗai nake yi ba. Ina da tallace-tallace masu kiɗa. Sa masa ganga ka ji."

Aka sa ganga. Ƙaramin akwatin ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙasan sautin babu shi, kamar ana buga kwali.

"Ka gani. Ranar Juma'a da yamma zan miƙa shiri na gaba. Ku gyara mini waɗannan kafin sha biyu, don Allah. Idan ba za su gyaru ba ku faɗa mini yau in san inda zan nufa."

"Za su gyaru," in ji Auta, tun kafin yayansa ya amsa.

Da ta tafi Maikunne ya aiki Auta sayen gam, alhali akwai rabin gwangwani a ƙarƙashin tebur. Auta ya kalli gwangwanin, ya ɗauki makullin babur ya fita. Maikunne ya jawo akwati ɗaya, ya kwance murfin baya, ya zare wayar tuwita daga allon ya riƙe a hannu. Ya kunna muryar. Ya taɓa wayar a wurinta, ya ɗage. Ya sake taɓawa, ya ɗage. Ya rufe ido ya yi ta yi har ya manta a wane hali wayar take. Sautin bai canza masa ba ko kaɗan. Ya ce a ransa tuwitar ce ta mutu, ya ji sanyi na ɗan lokaci. Sai ya mayar da wayar, ya ɗora kan yatsa a fuskar tuwitar, ya ji tana rawa a ƙarƙashin fatarsa kamar fiffiken ƙuda.

Ya zauna a kan benci. Fanka tana juyawa a sama, yana jin ta. Yana jin injin mai walda daga ƙarshen layi. Yana jin mai kayan gwari yana ciniki. To me ya rage? Ya ɗauki makullan shago ya girgiza su kusa da kunnen hagu, sannan na dama. Suna ƙara, amma ba irin ƙarar da ya sani ba, wani abu ne kamar tsakuwa a cikin aljihu. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ya ji kukan 'yan tsuntsayen da ke kwana a rufin shagon, ya kasa. Ya ɗaga kai ya gan su nan a kan waya, bakunansu suna buɗewa suna rufewa.

Da yamma a gida ya zauna a falo da rediyo a cinya. Matarsa ta fito daga wanka da gudu ta wuce shi zuwa kicin.

"Malam, buta tana ta ihu tun ɗazu, ruwan har ya ƙone. Ba ka ji ba ne?"

"Hankalina ne ba ya nan."

"Hankalin nan naka ya daɗe da tafiya. Jiya ma jikarka sau uku tana ce maka ka ba ta cokali, kana ce mata wa ya zo."

"Yarinyar ce ba ta buɗe baki."

Matar ta tsaya a ƙofar kicin da butar a hannu tana kallonsa. Sannan ta juya ta shige ciki. Abinci ya zo ya taɓa ya ture.

Washegari ya ce mata zai je duba katako. Ya hau mota zuwa asibitin da ke can ɗaya gefen gari, inda yake ganin ba zai haɗu da wanda ya sani ba. A sashen kunne ya zauna a benci tsakanin wata uwa mai goyo da wani tsoho mai auduga a kunne. Sau biyu ya miƙe zai tafi. Idan maganar ta fita a layi, wa zai sake kawo masa aiki? Mutum ya zo neman Maikunne a ce masa ai kunnen ya tafi hutu? Yana cikin wannan tunanin uwar ta taɓa hannunsa.

"Baba, kamar kai ake kira."

Ma'aikaciyar da ta gwada shi ba ta kai shekarun 'yarsa ta fari ba. Ta shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kaurin ƙofa, ta sa masa abin sauraro a kai, ta ba shi maɓalli a hannu. Idan ya ji ƙara ya danna. Ta koma bayan gilashi. Na farko ya ji, mai kauri, ya danna. Na biyu ma. Suna hawa yana dannawa, har ya fara jin ƙarfin gwiwa. Sai shiru. Yana ganin hannunta yana motsi a kan na'urar, ya san tana aiko da wani abu. Ya riƙe numfashi. Babu komai sai bugun jininsa. Ya danna.

Ta buɗe ƙofar tana murmushi. "Baba, ban da canke. Lokacin nan ban aiko komai ba."

Da aka gama ta ajiye takarda a gabansa, ta fara bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Layi biyu ne, ja da shuɗi, sun taho a miƙe daga hagu, sun kai tsakiya suka gangara, a dama sun faɗi ƙasa warwas. Bai bukaci bayanin ba. Irin wannan zanen yake gani a takardun sifika tun kafin a haife ta.

"Wane aiki kake yi, Baba?"

"Sifika nake haɗawa."

"Kana sa abin toshe kunne idan kana gwaji?"

"Da me zan ji aikin in na toshe?"

Ta gyaɗa kai. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya kare abin da ya rage. Ta ce akwai na'urar da ake sa wa a kunne, za ta taimaka masa wajen jin magana, musamman ta yara da mata. Ya tambaye ta ko da ita zai iya daidaita sauti. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin abin da ba ta sani ba. Ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a aljihun ciki.

Ƙarfe ɗaya ya iso shago. Auta ya fito da allunan biyu ya shimfiɗa a kan tebur, ƙarfen soda na liƙa waya yana hayaƙi a gefe.

"Yaya, ina katakon?"

"Ban samu mai kyau ba."

Auta ya nuna wani wuri a kan allon da bakin sukurdireba. "Nan akwai rizistar da ke rage wa tuwita ƙarfi. Ka cire ta ka sa waya tsagwaronta. Duk biyun haka."

"Na cire don ba ta fitowa. Tuwitocin yanzu ba su da ƙarfi."

"Yaya."

"Me?"

Auta ya ajiye sukurdireban. Mutum ne mai shekara arba'in da biyar, da furfura a gemu, amma ya tsaya yana murza hannu kamar ranar da aka fara kawo shi shagon. "Tuwitocin lafiyarsu lau. Tun bara duk allon da ka haɗa, idan ka tafi gida cin abinci ina buɗewa in mayar da rizistar. Wannan karon ne ba na nan."

Maikunne ya kalli allunan. "Tun bara."

"Tun wajen farkon bara."

"Kana buɗe aikina a bayan idona. Ni. Ni da na koya maka riƙe ƙarfen nan."

"To ya zan yi? In ce maka me? Sau biyu na fara, ka ce kunnena ne bai nuna ba."

"Wa ya sani?"

"Ba wanda na gaya wa. Yaya babba ta tambaye ni rannan, na ce mata ban lura ba." Haka yake kiran matar yayansa. "Ba ta yarda ba dai."

Maikunne ya fita ya tsaya a ƙofar shago. Mai walda ya ɗago masa hannu, ya ɗaga masa. Yana kallon layin yana lissafa fuskoki: wa ya lura, wa ya yi shiru don kara, wa yake dariya idan ya wuce. Shekara ɗaya da rabi mutane suna yaba masa aiki, yana karɓar yabon da hannu biyu. Ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ciki ya ciro takardar ya buɗe ta a kan allunan.

Auta ya duba. Ya bi layin ja da yatsa har inda ya faɗi. "Innalillahi," ya ce a hankali. Can kuma ya ce, "To ai ƙasa da tsakiyar nan sun fi nawa kyau, ina ga."

"Kada ka yi mini daɗin baki."

"Ba daɗin baki ba ne. Wa ke jin akwati yana gurnani kafin kowa? Ni har yau sai ka nuna mini."

Ranar Alhamis suka wuni a kan akwatunan. Maikunne ya zauna a gaba, shi ke cewa a ƙara auduga a ciki, a rage tsawon bututun iska, a canza inda babbar sifika ke miƙa wa matsakaiciya, don a nan yake jin muryar tana yin kumburi. Idan aka zo sama sai su canza wuri. Auta ya zauna, shi kuma ya koma baya da ƙarfen soda yana sa rizista yana cirewa.

"Wannan fa?"

"Ta yi yawa har yanzu."

"Wannan?"

"Ta danne da yawa. Koma ta tsakiyar."

Kowane canji a kunnensa ɗaya ne da na baya. Aiki yake yi da bakin wani, kamar mai tuƙi da aka rufe wa gilashin gefe ana ce masa shiga, babu mota. Sau ɗaya ya gwada Auta, ya yi kamar ya canza bai canza ba.

"Yaya, ba ka taɓa komai ba."

"Ina dai duba ko kana barci."

Wajen la'asar, suna ɗaure murfi, ya yi tambayar da ta hana shi sakat tun jiya. "Gaya mini gaskiya. Maganar da nake yi a kan mai baki ɗaya, gaskiya ce, ko don na daina jin sama ne na ga kamar ba a bukatarsa?"

Auta ya ci gaba da juya sukurdireba. "Rabi da rabi. A murya babu kamarsa, wannan ko kurma ya sani." Ya tsaya cak. "Yi haƙuri."

"Ci gaba, ai ka riga ka faɗa."

"Amma ba ya kai can ƙasa, ba ya kai can sama, kuma idan aka ɗaga shi sosai sai ya fara kuka. Da can kai ma haka kake cewa. Kowanne da inda yake ci."

Malama ta zo Juma'a sha ɗaya saura. Ta zauna a benci, ta sa muryar, ta sa ganga, ta sa wata waƙa mai kacau-kacau da yawa, ta sake komawa muryar. Maikunne ba akwatunan yake saurare ba, fuskarta yake kallo. Hannunta ya motsa, ya zaci kunne za ta kai shi, ashe mayafi za ta gyara. Ta kashe.

"Yanzu ne na samu abin da na saya. Me ya same su da farko?"

Auta ya ce, "Wata 'yar rizista ce…"

"Ni ne," in ji Maikunne. "Kunnena ya daina ɗaukar siririn sauti, Malama. Na yi ta ƙara shi ina zaton babu. Ban sani ba sai shekaranjiya. Shirinki da ya lalace, laifina ne."

Ta kalle shi, ta kalli Auta. Bai san me za ta yi da maganar ba. Ta san rabin masu kiɗan garin nan, kuma waya tana hannunta.

"Allah ya sawwaƙe, Baba. Wa ya daidaita saman yanzu?"

"Ƙanena."

"To daga yau idan na kawo aiki ku biyu nake so a kai." Ta nuna kan kanta. "Ƙaramin nan kuma ku sa mini shi a mota. Zan riƙa gwada murya a kansa kafin in miƙa, don masu saurarona yawancinsu da 'yar rediyo mai baki ɗaya suke ji."

Suka loda mata. Motar ta juya ta fita daga layin. Ba ta ce za ta yi shiru ba, shi kuma bai roƙe ta ba.

Auta ya fara tattara wayoyi, sai ya tsaya da su a hannu. "Yaya, lokacin da nake kwance, nata kaɗai ka haɗa?"

Maikunne ya dafa tebur. "Akwai na mai ɗakin taro. Guda huɗu, manya."

"Ya fara amfani da su?"

"Ya ce sai gobe. Taron yaye ɗalibai, da iyayensu."

Suka kalli juna. Auta ya zuba rizistoci a cikin 'yar leda, ya naɗe wayar ƙarfen soda da zafinsa. Maikunne ya jawo ƙofar shago ya sa kwaɗo, ya hau bayan babur da jakar kayan aiki a cinya.

"Idan mun je ni zan yi masa bayani," ya ce.

Auta ya amsa wani abu, iska ta ɗauke.

"Me ka ce?"

Auta ya juyo da kai ya ɗaga murya. "Na ce riƙe jakar da kyau, akwai rami a gaba."